Yadda Ake Kare Gida Daga Babbar Mura da Yadda Ake Jinyar Wanda Ta Kama

A Hausa kalma ɗaya ce, wato mura, take ɗauke da cututtuka biyu waɗanda nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma galibin kurakuran da ake yi wajen jinya daga nan suke somawa. Akwai murar da kowa ya saba da ita, wadda take lallaɓowa da ƙaiƙayin maƙogwaro da atishawa da yoyon hanci, mutum yana fyace majina yana ci gaba da harkokinsa har ta wuce. Akwai kuma wadda likitoci suke kira infuluwenza, wadda zan riƙa kira babbar mura domin a rarrabe su, ita kuwa rana tsaka take faɗo wa mutum: ya fita kasuwa da safe garau, kafin la'asar jikinsa ya ɗauki zafi, sanyi yana kaɗa shi, kansa yana sarawa, gaɓoɓinsa suna ciwo kamar wanda aka lakaɗa wa duka, ga busasshen tari, ga kasalar da take hana shi ko da tashi zaune. Wanda ya taɓa kwanciya da ita ba ya sake rikita ta da ƙaramar mura.

Bambancin yana da muhimmanci ne saboda ƙaramar mura da wuya take kai mutum asibiti, babbar kuwa tana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1 suke kamuwa da ita a kowace shekara, miliyan 3 zuwa 5 daga cikinsu suna jin jiki sosai, sannan tsakanin mutum 290,000 da 650,000 suna rasuwa sakamakon ɓarnar da take yi wa numfashi. Kakanninmu sun gan ta da mummunar kama, domin annobar shekarar 1918, wadda ta shigo Nijeriya ta tashar jiragen ruwa ta Legas ta biyo layin dogo zuwa Arewa, ita ce tsofaffi suke kira marisuwa, har suna lissafin shekarun haihuwa da ita. Wadda take zagayowa duk shekara ba ta kai wannan muni ba, amma danginsu ɗaya, kuma waɗanda ta fi ɗauka su ne tsofaffi da ƙananan yara da masu fama da wata cuta tun asali.

Abin da yake kawo ta da hanyar da take bi

An saba cewa sanyi ne ya kama wane, ko ruwan randa ya sha da asuba, ko kuwa ya kwana a ƙarƙashin fanka. Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da babbar mura, domin ƙwayar cuta ce ta bairos, kuma sai mai ɗauke da ita ya kawo ta. Nau'o'i biyu ne, A da B, suke haddasa wadda take zagayowa duk shekara, kuma suna sauya kama kaɗan-kaɗan, shi ya sa garkuwar jikin da ta gane ta bara ba lallai ba ne ta gane ta bana. Abin da hunturu yake yi shi ne share mata hanya: ana rufe ƙofa da taga a cunkushe a ɗaki ɗaya, ƙura da busasshiyar iska suna busar da cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar kuma ta fi daɗewa a raye a iska mai sanyi marar laima. A Turai da Amurka lokacinta sananne ne, wato watannin sanyi, amma a ƙasashe masu zafi irin namu tana iya ɓullowa a kowane wata, har da tsakiyar damina, saboda haka kada a ce tun da babu hazo a gari ba ita ba ce.

Idan mai cutar ya yi tari ko atishawa, ko ma magana kawai, feshin da yake fita daga bakinsa da hancinsa yana isa ga wanda yake kusa da shi, musamman a tazarar mita 1 zuwa 2, kuma a ɗakin da iska ba ta ratsawa ƙananan ɗigon suna iya ɗaukar lokaci suna yawo. Tana kuma bin hannu, domin ƙwayar tana iya kwana ɗaya ko biyu a raye a kan abubuwa masu santsi irin su mariƙin ƙofa da wayar hannu, wani ya taɓa ya kai hannunsa ido ko hanci. Daga ranar da ta shiga jiki zuwa ranar da alamu suke bayyana kwana 1 ne zuwa 4, galibi kwana 2. Abin da ya fi wahalar da masu kiyayewa shi ne mutum yana fara yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin ya ji komai a jikinsa, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7, yara kuwa suna iya wuce haka. Ke nan ranar da mutum na farko ya kwanta a gida, akwai yiwuwar cutar ta riga ta shiga jikin na biyu, don haka matakan kariya a ranar ake fara su, ba sai an ga ta kayar da rabin gidan ba.

Allurar rigakafi

Babu matakin da ya kai allurar rigakafi ƙarfi, kuma ita ce aka fi jahilta a wajenmu. Tun shekarar 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya take da tsarin ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban masu bibiyar nau'in ƙwayar da yake yawo, kuma sau biyu a shekara take sanar da abin da za a zuba a allurar, a watan Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a watan Satumba domin na kudanci. Wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita allurar duk shekara, saɓanin ta ƙyanda ko ta shawara. Jiki yana buƙatar kimanin mako 2 kafin ya gina kariya, don haka wanda ya jira sai cutar ta shigo unguwa ya makara.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da iyakarta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a shekarun da allurar ta dace da nau'in da yake yawo tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100, wato wanda aka yi wa yana iya kamuwa, sai dai galibi cutar tana zuwar masa da sauƙi. Ba ta kuma hana ƙaramar mura, domin wannan wasu ƙwayoyi ne daban suke kawo ta, kuma daga nan ne maganar "an yi mini allura amma na yi mura" take fitowa. Allurar da ake yi a dantse ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai, don haka ba ta iya sa wa mutum cutar. Abin da akan ji shi ne tsamin dantse ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu.

Waɗanda aka fi so su samu su ne mata masu juna biyu a kowane wata na cikin, da yara daga wata 6 zuwa shekara 5, da tsofaffi daga shekara 65, da ma'aikatan lafiya, da masu cutar da take tare da su kullum kamar asma da ciwon sukari da ciwon zuciya da na ƙoda da sikila da cuta mai karya garkuwar jiki. Batun mai juna biyu ya cancanci a tsaya a kansa, domin jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba a yi masa wannan allura, kariyarsa daga uwarsa take zuwa tun yana ciki, kuma gwajin da aka yi a Bamako ta ƙasar Mali ya nuna cewa jariran matan da aka yi wa allurar sun fi tsira daga cutar a watanninsu na farko. Yaro ɗan ƙasa da shekara 9 da za a yi wa karo na farko yana buƙatar allura biyu, da tazarar mako 4 a tsakaninsu.

A Nijeriya wannan allura ba ta cikin jerin rigakafin yara da ake yi kyauta a asibitocin gwamnati, sai dai a neme ta da kuɗi a wasu asibitoci masu zaman kansu da manyan shagunan magani na birane. Wanda zai saya ya duba ranar ƙarewar wa'adinta, ya tabbatar ta wannan shekara ce, kuma daga firiji aka ɗauko ta, domin zafi yana lalata ta. Maniyyata aikin Hajji da Umara su ne suka fi dacewa su yi wannan ƙoƙari, domin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya tana shawartar alhazai su yi allurar kafin tafiya, kuma kowa ya san tarin da ake dawowa da shi daga can, da kuma cincirindon masu zuwa barka da sauka. Wanda bai samu halin wannan allura ba, to kada ya yi wasa da rigakafin yara na mako 6 da 10 da 14, domin a ciki akwai waɗanda suke kare yaro daga ƙwayoyin bakteriya masu kawo nimoniya, wato ciwon huhu, kuma nimoniya ce ƙofar da babbar mura ta fi bi wajen kashe yara.

Kiyayewa a gida da cikin jama'a

Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 bayan dawowa daga kasuwa ko makaranta, da kafin cin abinci, da bayan share wa yaro majina, yana yanke hanyar da cutar take bi ta hannu, kuma tsoma hannu a ruwan kwano ɗaya da mutum biyar suka riga suka wanke nasu ba wanki ba ne. Mai atishawa ya rufe fuskarsa da hankici ko takardar goge hanci ko lanƙwasar gwiwar hannunsa, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, tun da ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufa idan zai yi atishawa. Wanda ya tare da tafin hannu ya wanke kafin ya yi musabaha da kowa. Moɗar randa da kofin shayi da cokali kuwa, a ware wa majinyaci nasa har ya warke.

Maganar iska ita ce aka fi saɓa wa a lokacin hunturu. Ko da sanyi ya yi tsanani, a bar taga ɗaya a buɗe kaɗan, kuma da hantsi a buɗe ƙofofi da tagogi gaba ɗaya iska ta ratsa ɗakin. Kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa haɗari ne iri biyu, domin hayaƙinsa yana tsananta tari, sannan gawayi yana fitar da iskar guba marar wari wadda take kashe mutane cikin barci, kamar yadda hayaƙin janareta yake yi. Bargo da rigar sanyi da safa sun fi shi aminci. Takunkumin fuska da aka saba da shi a zamanin korona yana da amfani a nan ma, musamman idan majinyacin ne ya sa, ko mai jinyarsa, ko wanda zai shiga motar haya mai cunkoso yana tari.

Sai batun dubiya, wadda hakki ce kuma ba wanda zai ce a bar ta. A ganina abin da ya dace shi ne a sauya fasalinta a kwanaki biyar na farko: a gaisa daga bakin ƙofa, ko a kira ta waya, ko a aika da abin dubiya, kuma kada a je da goyo, kada mai ciki ta je, kada a kai tsohuwa. Haka nan wanda zazzaɓi yake jikinsa ya haƙura da sallar jam'i da zaman majalisa da gidan biki, yaro kuma ya haƙura da boko da Islamiyya, har sai ya yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da ya sha maganin sauke shi ba. Idan gidan yana da ɗaki fiye da ɗaya, majinyaci ya kwana shi kaɗai, mutum ɗaya mai ƙoshin lafiya ya riƙa kula da shi. Uwa mai shayarwa da ta kamu kada ta yaye jaririnta ko ta dakatar da nono, ta dai wanke hannu ta sa takunkumi lokacin shayarwa, domin nonon yana ɗauke da kariyar da jikinta yake ƙerawa.

Ranar da zazzaɓi ya sauka

A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake ko'ina, ba a yanke hukunci da ido. Zafin jiki da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi alamun cututtukan biyu ne, don haka matakin farko shi ne gwajin jini na ɗan yatsa, wanda sakamakonsa yake fitowa cikin minti 15 zuwa 20. Idan ya nuna maleriya a sha maganinta cikakke, idan bai nuna ba kada a sha don kawai a ji an yi wani abu. Akwai kuma cututtukan da suke farawa da kamannin mura alhali sun fi ta gaggawa, kuma da yawansu a rani suke tashi. Sanƙarau yana zuwa da sandarewar wuya da ƙin haske. Mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano a shekarar 2023, yana zuwa da kumburin wuya da wata fata fara-fara da take shimfiɗuwa a maƙogwaro. Ƙyanda tana farawa da zazzaɓi da tari da jan ido kafin ƙuraje su feso. Zazzaɓin Lassa kuwa akan yi zarginsa idan zazzaɓi ya ƙi jin magani, balle a ga jini yana fita ta hanci ko dasashi. Duk ɗaya daga cikin waɗannan na asibiti ne a ranar.

Akwai maganin da yake yaƙar ƙwayar babbar mura kanta, wato oseltamibir, wanda aka fi sani da sunan Tamiflu, ana shan sa sau biyu a rana har kwana 5. Amfaninsa ya fi yawa idan an fara shi cikin awa 48 da bayyanar alamu, kuma likita ne yake rubuta shi. Matashi mai ƙarfi galibi ba ya buƙatarsa, amma mai ciki da tsoho da ƙaramin yaro da mai wata cuta tun asali su ga likita tun rana ta farko ko ta biyu, kada su bi al'adar nan ta a bari a ga yadda za a kwana. Mai sikila musamman, zafin jikin da ya kai digiri 38 ya ishe shi dalilin tafiya asibiti nan take.

Jinya a gida

Ga yawancin mutane maganin shi ne kwanciya da ruwa, kuma kwanciyar ce ta fi wuya, domin mai neman na yau da na gobe yana ganin kwana uku a gado asara ce. Amma wanda ya haɗiyi ƙwaya ya fita aiki da zazzaɓi yakan ja wa kansa jinyar mako biyu a maimakon ɗaya, ga kuma waɗanda zai shafa wa a hanya. Zazzaɓi da zufa da saurin numfashi suna ƙarar da ruwan jiki, don haka a riƙa sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, ko da babu ƙishirwa: ruwa mai ɗumi, koko, kunun tsamiya, romon kaza ko na kifi, shayi marar ƙarfi. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari, idan ya yi kaɗan kuma ya yi ja to ruwan bai isa ba. Yara sukan haɗa da amai ko gudawa, a nan sai a ba su ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wato ORS, a haɗa shi daidai yadda aka rubuta a jikinsa. Ba a tilasta wa majinyaci tuwo, amma kada a bar cikinsa wayam. Idan cutar ta faɗo a watan Ramadan, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama daga baya, kuma mai zazzaɓi mai zafi yana cikin waɗanda rangwamen ya shafa.

Domin zazzaɓi da ciwon jiki parasitamol ya wadatar. Babban mutum yana shan ƙwaya 1 ko 2 masu nauyin miligiram 500 duk bayan awa 4 zuwa 6, kuma kada ya wuce ƙwaya 8, wato giram 4, cikin awa 24, domin abin da ya haura haka yana lalata hanta ba tare da an ji alama da wuri ba. A nan ne ake yawan faɗawa rami, saboda magungunan mura na haɗi irin su Procold da Mixagrip suna ɗauke da parasitamol a cikinsu, mutum ya sha su ya ɗora Panadol a kai yana zaton abu biyu daban ya sha. A karanta jikin kwali, a zaɓi ɗaya. Waɗannan magunguna na haɗi suna kuma ɗauke da sinadarin buɗe hanci wanda yake iya ɗaga jini, don haka mai hawan jini ya tambayi likita ko masanin magunguna kafin ya sha. Parasitamol na yara da nauyin jikinsu ake auna shi, ba da cokalin shayi na gida ba. Asfirin kuwa ba a ba yaro ko matashi ɗan ƙasa da shekara 16 idan yana mura da zazzaɓi, domin yana iya jawo wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta, kuma akwai shi a cikin wasu garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a shago. Mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nisanci ibufurofen sai da izinin likita.

Abin da ya fi kowane kuskure yawa shi ne a tura yaro kemis a ce a haɗo maganin mura, ya dawo da ƙulli mai ɗauke da kafso, ko amoksisilin ko wanda ake kira ja-da-yalo. Waɗannan magungunan kashe bakteriya ne, ba su taɓa bairos ko kaɗan, ba su rage kwana ɗaya daga jinyar, illa dai su kawo gudawa su kuma koya wa ƙwayoyin bakteriya jure magani, ta yadda ranar da nimoniya ta gaske ta zo sai a tarar ba su ci. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ba hujja ba ce ta shan su, domin haka takan yi a tsakiyar mura. Haka nan allura da ƙarin ruwa a gida ba su fi ƙwaya da kofin ruwa ƙarfi ba ga wanda yake iya haɗiya. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi tun shekarar 2018, kuma magungunan tari na kwalba gaba ɗaya ba a ba ƙananan yara su sai likita ya ce.

Magungunan gida suna da gurbinsu matuƙar an san iyakarsu. Shayin citta da kanumfari da lemon tsami yana ɗumama jiki ya sanyaya maƙogwaro, kuma cokali ɗaya na zuma kafin barci yana rage tarin dare ga yaron da ya wuce shekara 1. Wanda bai kai shekara ba ba a ba shi zuma sam, saboda wata ƙwaya da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Kurkure maƙogwaro da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi yana rage raɗaɗi, ɗigon ruwan gishiri na kemis kuma yana buɗe wa jariri hanci kafin a ba shi nono. Duk waɗannan sauƙi suke kawowa, ba su kashe ƙwayar, jiki ne yake wannan aiki da kansa. Sirace yana ɗan buɗe hanci na wani lokaci, amma lulluɓe yaro da bargo a kan tukunyar tafasasshen ruwa ya ƙona yara da yawa, don haka a bar shi ga manya. Man zafi a ƙirji ake shafa shi, ba a cusa shi a hanci, ba a kuma shafa wa ɗan ƙasa da shekara 2. Kai yaro wurin wanzami a cire masa beli saboda tari ko ciwon maƙogwaro ba ya warkar da komai, sai dai ya ƙara masa zubar jini da rauni a kan cutar da yake fama da ita. Mai zazzaɓi kuma ba a tula masa barguna don ya yi zufa, tufa marar nauyi da goge jiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi sun fi.

Alamun da ba a kwana da su

A jikin yaro numfashi ake kallo. A ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru a ƙirga sau nawa ƙirjinsa yake ɗagawa cikin minti ɗaya cikakke: sau 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata 2, sau 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, sau 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5, duk alamar nimoniya ce. Haka nan idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya ƙi nono da ruwa, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashe shi sosai, ko leɓɓansa suka sauya launi. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 kuwa kowane irin zazzaɓi na asibiti ne.

A jikin babba, abin tsoro shi ne haki ko ƙarancin numfashi yana zaune, da ciwo ko nauyi a ƙirji, da jiri mai tsanani, da ruɗewa ko sambatu, da ɗaukewar fitsari, da kaki mai jini, da zazzaɓin da ya wuce kwana 3 bai fara sauka ba. Tsofaffi sukan yaudari masu jinya, domin wani ba ya yin zazzaɓi ko kaɗan, sai dai a ga ya daina cin abinci, ya rikice, ko ya faɗi. Mai ciwon sukari ya riƙa auna sukarinsa fiye da yadda ya saba, kuma kada ya dakatar da maganinsa da kansa don ba ya cin abinci sosai, ya tuntuɓi likitansa. Alamar da aka fi sakaci da ita ita ce ta komowa: majinyaci ya samu sauƙi kwana ɗaya ko biyu, an fara yi masa barka, sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi tare da tari mai kaki da ciwon haƙarƙari. Wannan galibi bakteriya ce ta samu huhun da bairos ya raunana, kuma a nan ne maganin kashe bakteriya yake da aiki, bayan likita ya duba ƙirjin.

Bayan zazzaɓi ya tafi

Zazzaɓi da ciwon jiki sukan lafa cikin kwana 3 zuwa 7, amma tari da kasala suna iya kai mako 2 ko fiye, domin fatar cikin hanyoyin numfashi tana buƙatar lokaci kafin ta gyaru. A koma aiki da kaɗan-kaɗan, a jinkirta aikin ƙarfi irin su dako da noma da ƙwallo har sai hawa matakala ko tafiya masallaci ba ta sa haki, kuma mai ciwon zuciya ya fi kowa buƙatar wannan haƙuri, saboda haɗarin bugun zuciya yana ƙaruwa a makon farko na cutar. A rufe hanci da baki idan za a fita cikin hazo, a nisanci hayaƙin itace da turaren wuta mai yawa, mai shan taba kuma ya sani cewa ita ce take tsawaita masa tarin. A wanke zannuwan gado da hankici da sabulu a shanya su a rana, a goge mariƙin ƙofa da wayar majinyaci.

Wanda ya warke bai tsira daga sauran nau'o'in da suke yawo a wannan shekara ba, don haka idan yana cikin waɗanda aka ambata a baya allurar tana da amfani gare shi ko bayan ya tashi. Idan kuwa tari ya wuce mako 2 ba ya raguwa, balle ya haɗu da rama ko zufar dare ko zazzaɓin yamma, to a daina kiran sa ragowar mura, a je a ba da kaki a gwada tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware domin haka.